Donya Tomasa, Mai Auren Inabin Lodi

Ƙarfe biyar saura na asuba Donya Tomasa Arreola take ɗora tukunyar kofi, kuma haka take yi shekara talatin da ɗaya in dai lokacin aiki ne. Kafin kofin ya tafasa ta gasa tortiya, wato gurasar masara, ta zuba wake da barkono a ciki, ta naɗe a tsumma. Daga nan sai ta zauna a kan matakalar ƙofar baya da wuƙarta da dutsen washi. Ba ta tashi sai wuƙar ta aske gashin hannu, shi ya sa hannunta na hagu, daga wuyan hannu har gwiwa, sumul yake kamar na jariri. Biyar da rabi a-kori-kurar Nemesio, ƙanin marigayi mijinta, za ta tsaya a bakin titi ya danna hon sau biyu. Ƙarfe shida tana durƙushe a gindin kurangar inabi ta farko, a wata gona a bayan garin Lodi, nan Kalifoniya.

Sana'arta auren inabi. In masu yin giya suka daina neman wani irin inabi suka koma wa wani, mai gona ba ya tuge kurangarsa. Sai a bi layi da zarto a sare kowace a tsayin gwiwa, a bar kututture, a kira Tomasa. Takan zo da rassan sabon irin, ta yanko ido ɗaya daga reshe, ta tsaga masa gurbi a jikin kututturen, ta zaunar da shi yadda ɗanyen ɓawonsa zai haɗu da ɗanyen ɓawon uwar. Ido biyu take sa wa kowane kututture, ɗaya dama ɗaya hagu. Mai ɗauri tana biye da ita, tana naɗe wurin da farar leda. In aka bar rata ko ta kaurin gashi, idon ya mutu. Kuranga ɗari uku take aurawa a yini, duk a kan gwiwa, kuma cikin ɗari da wuya uku su ƙi kamawa.

Asabar mai zuwa za a yi mata walimar ajiye aiki a zauren cocinmu. Shekararta sittin da shida, an yi mata aiki a gwiwa biyu, likita ya ce ya isa haka. Ni 'yar Ofeliya ce, wadda ta yi shekara goma sha tara tana ɗauri a bayanta. Na yi karatun noma a jami'a, na san sunayen malaman da suka rubuta littattafai a kan auren itatuwa, kuma ban ga wanda zai yi yini guda a layi ɗaya da ita ba. A garin nan akwai kwalbar giyar da aka buga wa hoton karen mai gona. Babu wadda aka buga wa sunanta. Don haka zan rubuta abu ɗaya da ta yi, yadda uwata da waɗanda suke wurin suka gani.

Shekara tara ke nan, a watan Afrilu. Tsoho Renzo Baldasari, mai gonar da Tomasa ta yi wa aiki shekara ashirin, yana kwance an yi masa aikin ƙugu, ya bar gonar a hannun mijin 'yarsa, Kurtis. An yanke shawarar mayar da eka goma na baƙin inabi zuwa fari. Juma'a da Asabar aka sare su. Ranar Litinin da Tomasa ta iso da mutanenta, kututture dubu shida ne a tsaye suna tsiyayar ruwa. Rassan farin kuwa tun Janairu wasu 'yan kwangila suka yanko su a gonar wani maƙwabci, aka ajiye a ɗakin sanyi cikin jiƙaƙƙen garin katako. Kowane dami da takardarsa a maƙale, an rubuta sunan irin.

Ta aura kuranga biyu. Da ta zaro reshe na uku sai ta tsaya tana juya shi. Ta tashi, ta kwance damin gaba ɗaya a bayan a-kori-kura, ta fara ware shi gida biyu.

"Matar Yaya, karta kike rabawa ko aiki muka zo?" in ji Nemesio.

"Zo ka duba wannan da wannan."

Ya duba. "Sanda da sanda."

"Kai dai idonka a kan masu sayar da abinci kawai yake aiki. Dubi ɓawon wannan, launin kara ne, gaɓoɓinsa nesa da juna, idon siriri. Dubi wannan, ja-ja ne, gaɓa kusa da gaɓa, idon ya kumbura. Wannan shi ne farin. Wannan kuwa Alikante ne, baƙin nan mai rina hannu."

Ta kwance dami na biyu da na uku, duk haka suke. Ta san gonar da aka yanko su. Filin farin da na Alikante a manne suke ba ko hanya a tsakani, kuma a hazon Janairu mutum ba ya ganin ƙarshen layinsa. Masu yankan sun tsallaka ba su sani ba.

Aka kira Kurtis. Ya zo da motarsa, bai kashe inji ba.

"Tomasa, me ya tsayar da aiki?" Haka yake kiranta, gatsal, babu Donya da muke girmama mace da ita, alhali a shekaru ta haife shi.

"Rassan nan a gauraye suke, manaja. Kusan kashi ɗaya cikin uku baƙi ne."

Ya ɗaga takardar damin ya nuna mata. "Ga abin da aka rubuta."

"Na gani. Takardar ba ta je gonar ba."

"To me kike so a yi?"

"Ka ba ni kwana huɗu, ni da Ofeliya mu ware su reshe-reshe."

Kurtis ba wawa ba ne, kuma a faɗi gaskiya maganarsa tana da kan gado. Ya ce an riga an sare kurangar, an fito da rassan daga sanyi, ranar Alhamis kuma zafi zai sauko, duk idon da ba a ɗaure ba kafin nan ya bushe. In an aika ɗakin gwaji, mako biyu kafin amsa ta zo. Ya ce shi ba zai tsayar da eka goma a kan launin ɓawo ba, ga shi ya tambayi mutum uku a wurin duk sun ce ba su ga bambanci ba.

"Ki yi aikinki kawai," in ji shi. "In ma akwai matsala, ba wanda zai ce laifinki ne. Zan rubuta miki in sa hannu."

"Wanda ya wuce gonar nan baɗi, tambayarsa ita ce wa ya aura ta. Ba zai tambayi wa ya sa hannu ba."

"In ba za ki yi ba, akwai masu yi. Yanzu zan buga waya."

"Buga."

Ta goge wuƙar a cinyarta, ta naɗe, ta sa a aljihun gaba. Uwata tana tsaye da ƙullin leda a wuyan hannu, ita ma ta zare ta ajiye. Sauran mutum huɗu suka sunkuyar da kai. Nemesio ya matso yana sosa ƙeya.

"Matar Yaya, 'ya'yana huɗu."

"Na san adadinsu, a hannuna aka haifi biyu. Tsaya ka yi aikinka."

Sai da suka fita ƙofar gonar suka tuna motar ta Nemesio ce. Mil uku suka taka a gefen kwalta kafin wata tasha. Da suka yi nisa uwata ta ce, "Ƙawa, da kin bari ya kai mu gida tukuna kika yi zuciyar."

"Ci tortiyarki," in ji Tomasa.

Wasu masu aure suka zo daga wani gari a ranar, su da Nemesio suka gama eka goman nan cikin kwana huɗu, kuma idon ya kama sosai. A nan magana ba ta kwana. Kafin ƙarshen mako gonaki biyu da suka yi alkawari da ita sun bugo sun ce sun sake shiri. Aka ce ta fiye taurin kai. Wasu suka ce ido ne ya fara ba ta matsala take ɓoyewa da rigima. Lokacin aure wata biyu ne kacal a shekara, kuma ya wuce ba ta sake buɗe wuƙarta ba.

Tana da shekara hamsin da bakwai ta je ta bi layin neman aiki a masana'antar tumatirin gwangwani, tare da 'yan matan da suka gama sakandare. Awa goma a tsaye, kai a ɗaure da raga, tana tsince ruɓaɓɓe daga abin da inji ke turowa. Da kaka ta zo ta shiga yankan inabi da kwando, a ƙarƙashin wani shugaban leburori da ita ta koya wa riƙe wuƙa. Shi ya fi ta jin kunya. Kullum sai ya ce, "Donya, ki zauna a inuwa ki huta," ita kuma ta ce, "Ka taɓa ganin an cika kwando daga inuwa?"

Kada wani ya ɗauka zuciyarta ba ta yi rawa ba. Duk bazarar nan ba ta bi titin da ya ratsa gonar Baldasari ba, takan sa a zagaya ta bayan layin dogo. Wata rana a watan Agusta, suna cin abinci a kan benci a bayan masana'anta, ta ce wa uwata, "Ofe, in kuma ni ce na yi kuskure fa? Na ja ki cikin wahala a banza."

Uwata ta ce, "To sai me? Mun ga tumatir."

Donya Tomasa, ke ce kika tsaya a kan abin da idonki ya gani ranar da ba wanda ya gan shi sai ke. Ba ki da takardar makaranta, ba ki da ɗakin gwaji, ba ki da wanda zai tsaya miki in an kore ki. Wata bakwai kika yi ba ki san ko gaskiyarki za ta fito ba, kuma ba ki je ƙofar kowa kin ce a yi haƙuri a mayar da ke ba.

A watan Nuwamba ganyen farin inabi rawaya yake komawa kafin ya zube. Na Alikante kuwa ja wur yake yi. Wata Lahadi bayan an fito coci Nemesio ya tare ta a bakin ƙofa, wata bakwai rabon da ya iya haɗa ido da ita.

"Hau mota, Matar Yaya. Ba zan ce komai ba."

Ya kai ta titin da take gudu, ya tsaya a gefe. Eka goman nan rawaya ce, amma ko'ina ja ya ɓarke a cikinta, nan uku a jere, can goma, wani wurin kuranga ɗaya hannun dama rawaya na hagu ja. Motoci suna rage gudu suna kallo. Ba ta sauka ba. Ta daɗe tana dubawa ta taga, sannan ta ce, "Mayar da ni, na bar wake a wuta."

A makon nan ko yaro aka ba fenti zai iya bin layi ya shafa wa duk mai jan ganye. Kurtis bai yi haka ba. Ya tsinki ganye ya aika ɗakin gwaji, ya tsaya jayayya da maƙwabcin a kan wa ke da laifi. Yana jiran amsa hadari ya taso da iska, kwana uku ana yi. Da gari ya washe babu ganye ko ɗaya a eka goman. Kuranga dubu shida tsirara, duk kamarsu ɗaya. Sai dai a jira wata shekara ganye ya sake nunawa, a yi asarar kaka biyu, ko a nemo wanda ke gane iri daga busasshen reshe.

Farkon Disamba tsoho Renzo ya zo gidanta da kansa, yana dogara sanda, hularsa a hannu. A gona ya koyi Sifaniyanci, harshenmu, kuma irin namu yake yi. Ta ba shi kujera da kofi.

"Donya Tomasa, ina kwance aka yi abin nan. Da na tashi kuma na ji kunyar zuwa."

"Ƙugun ya warke, maigida?"

"Ya warke. Gonar ce ba lafiya. Kin gani?"

"Duk Lodi ta gani."

Ya juya hular a hannunsa. "In kina so in cire Kurtis daga aikin, yau zan cire shi."

"Ka cire shi ka kai shi ina? Mijin 'yarka ne, ranar Kirsimeti a teburinka zai ci abinci. Bar shi. Abu biyu nake so. Daga yau duk reshen da zan aura a gonarka ni zan yanko shi da hannuna daga uwarsa. Sannan mutanena duka su dawo tare da ni."

"Har da waɗanda suka tsaya?"

"Har da su. Nemesio ma ina da aikin da na tanadar masa."

Aikin Nemesio shi ne riƙe gwangwanin fenti. A Janairu, cikin hazon da ke jiƙa mutum har ƙashi, ta fara daga layin farko. Kowace kuranga hannu biyu gare ta, kowane hannu sai ta kama reshensa, ta murza ɓawon da babban yatsa, ta dubi gaɓa, ta dubi ido. In baƙi ne ta ce, "Shafa," shi kuma ya shafa. Inda ta yi shakka takan durƙusa ta kankare ɓawon da wuƙa ta duba ciki.

"Wannan fa?" takan tambaye shi lokaci-lokaci.

"Fari."

"Baƙi ne. Shafa, malam sanda da sanda."

Kwana goma sha ɗaya suka yi. Tun daga na biyar gwiwarta ta dama ta kumbura har wando ya matse ta, uwata takan naɗe mata da tsumma mai ɗumi a mota kafin su fara. Hannu dubu uku da ɗari takwas da wani abu ta sa aka shafa. Kurtis yakan zo da safe ya ajiye musu kofi a kan turken farkon layi ya juya. Bai taɓa ba ta haƙuri ba, kuma har yau Tomasa yake ce mata. Ita ba ta damu ba. Ni na damu, shi ya sa na rubuta.

Da ta gama ta je gonar maƙwabcin, ta tsaya a tsakiyar filin farin, nesa da iyaka, ta yanko rassanta. A Afrilu aka sare duk hannun da ke da fenti, ta sake durƙusawa ta aura su ɗaya bayan ɗaya. Gonakin da suka ce sun sake shiri suka fara bugo waya tun kafin ta gama. Ta karɓi aikinsu, ba ta tuna wa kowa komai ba.

Da Nuwamba ta zagayo, eka goman ta yi rawaya daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Nemesio ya shiga ya bi layi-layi don neman abin tsokana, kuma ya samu. Ya fito yana murna kamar wanda ya tsinci wani abu.

"Tara, Matar Yaya. Hannu tara ja. Tsufa ya kama ki."

"Ka ɗaura musu ƙyalle?"

"A'a."

"To koma ka ɗaura kafin iska ta zo. Ba ka koyi komai ba?"

A Afrilun da ya biyo baya ta je ita da uwata, ba wanda ya kira su, suka gyara taran nan kafin ƙarfe takwas na safe, suka wuce wani aikin.

Uwar masu aure, mun gode. Ke ce kika koya wa mutum sama da arba'in a kwarin nan riƙe wuƙa, mata goma sha ɗaya a cikinsu, a sana'ar da aka ce ta maza ce. Ke ce kika nuna mana cewa lebura ma yana da abin da ba zai sa hannunsa a ciki ba. Mun gode da gwiwoyin da kika ƙarar a ƙasar da ba taki ba, mun gode da kika mayar da waɗanda suka bar ki a bakin hanya ba tare da kin sa sun durƙusa ba. Allah ya ba ki hutu mai daɗi da lafiyar cin moriyarsa.

Mu kuma da muka taso a bayanta, masu wuƙa da masu digiri, akwai ranar da za a miƙo wa kowannenmu abin da ya san ba daidai ba ne, a ce yi kawai, ba laifinka ba ne. Ranar nan a tuna da Donya Tomasa, a yi abin da ta yi. Wanda kuma yake da hali ya zo ranar Asabar ƙarfe ɗaya, akwai naman akuya, ya gaishe ta tana raye tana ji.

Jiya na je na karanta mata wannan rubutu a kicin, tana jin ni tana tsince wake. Da na kai ƙarshe na tambaye ta ko akwai abin da take so in cire. Na ɗauka za ta ce tumatirin, ko maganar da ta yi a kan benci.

"Kin sa taran?" ta ce.

"Na sa. Amma ina tunanin cirewa, Donya, jinjina ce."

"Bar su a ciki, 'yata. Kar wani ya je ya tambayi Nemesio ya ce mun yi ƙarya."